Tantance sa hannun masu zaɓe: da me ake gwadawa, kuma wane horo ake ba jami'ai?

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san aikin zaɓe ciki da bai. Duk lokacin da maganar kiranye, wato masu zaɓe su nemi a sauke ɗan majalisarsu kafin wa'adinsa ya cika, ta taso sai a ce INEC za ta tantance sa hannun waɗanda suka shigar da koke. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, da me za a gwada sa hannun? Rajistar da ake kawowa rumfar zaɓe hoto ne da suna da lamba a ciki, babu samfurin sa hannun kowa.

A ce yau mutanen wata mazaɓa ta majalisar jiha a nan, Zariya Birni ko Zariya Kewaye ko Basawa, sun tara sa hannu. Misali kawai na bayar, ba wanda nake nufi. Wa zai zauna ya duba takardun? Wane horo ake ba shi? Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba sai dangwale, da malamin zaure a Limancin Kona da ke sa hannu da ajami, yaya za a yi da nasu? Na kuma ji cewa a Amurka akwai jami'an da aikinsu kenan, duba sa hannu a jikin ambulan. Irin wannan horon zai yi mana amfani a nan? Allah ya saka da alheri.

Baban Ummi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ka lura da abin da da yawa ba sa lura da shi: babu samfurin sa hannu a rajistar rumfa. Shi ya sa a Najeriya ba a ɗora sa hannu biyu gefe da gefe a ce wannan ya yi kama da wancan. Mutumin ake tantancewa, da yatsansa ko fuskarsa.

Sashe na 69 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya yi maganar kiranyen sanata da ɗan majalisar wakilai, sashe na 110 kuma na ɗan majalisar jiha. Gwamna da shugaban ƙasa ba sa ciki, su tsigewa ce hanyarsu. Sharaɗin farko, fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu. Masu rajista fa, ba waɗanda suka fito ranar zaɓe ba. Mazaɓa mai mutum 100,000 tana buƙatar 50,001. Idan kujerar sanatan Kaduna ta Arewa ce, sai an haɗa ƙananan hukumomi takwas: Zariya, Sabon Gari, Soba, Makarfi, Kudan, Ikara, Kubau da Lere.

Aikin hawa uku ne, kuma kowane hawa da irin jami'insa.

Na farko ƙidaya ce a ofis. Ma'aikatan hukuma na dindindin su ne ke zama da takardun, rumfa bayan rumfa, su ƙirga sa hannu da dangwale su ga ko adadin ya haye rabi. A nan kiranyen Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ya tsaya a watan Afrilun 2025. Masu rajista a Kogi ta Tsakiya 474,554 ne, ana buƙatar 237,278, da aka ƙirga aka samu 208,132, wato kashi 43.86 cikin ɗari. An gaza da 29,146, don haka ba a ma kai ga fito da na'ura ba.

Na biyu shi ne tantancewar da kake tambaya. Ana sa rana, a buɗe rumfuna, wanda ya sa hannu ya zo da ƙafarsa da katin zaɓensa. Wanda bai sa hannu a koken ba babu ruwansa da layin. Masu koke da ɗan majalisar da ake so a yi wa kiranye duk suna da damar tura wakilai su sa ido. A nan na Sanata Dino Melaye ya mutu ranar 28 ga Afrilun 2018: masu rajista a Kogi ta Yamma 351,146, sa hannun da aka gabatar 189,870, waɗanda aka tantance 18,742, kashi 5.34 cikin ɗari na masu rajista. Lokacin na'urar karanta kati ake amfani da ita, yanzu BVAS ce, na'urar da ke tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska.

Na uku ƙuri'ar raba gardama, wadda tsarin mulki ya ce a yi cikin kwana 90 daga ranar da aka karɓi koken.

To ka ga horon da ake buƙata ya rabu. Mai ƙidaya a ofis yana buƙatar tsari fiye da ido: takardar lissafi ɗaya ga kowace rumfa, mutum biyu su ƙirga tuli ɗaya ba tare da sun ga adadin juna ba, idan suka saɓa na uku ya sake. A rarrabe layin da ke da sa hannu, da mai dangwale, da wanda aka rubuta suna aka bar gurbin fayau, da sunan da ya fito sau biyu. Kuma da lambar katin zaɓe ake bin mutum, ba da suna ba. A rumfa guda a cikin birni za ka iya samun Muhammad Sani biyar. Wanda rajista ta sani da Abubakar zai iya rubuta Garba, A'isha ta rubuta Indo, matar da ta yi rajista da sunan mahaifinta ta dawo tana amfani da na mijinta. Jami'in da ba a gaya wa wannan ba zai zubar da sunayen mutanen kirki masu yawa, ya kuma haɗe mutum biyu ya ce maimaici ne.

Mai aiki a rumfa kuwa, horonsa kusan na ranar zaɓe ne. Zan bar wa Hajiya Maman Walida wannan ɓangaren, ta fi ni riƙe shi.

Mai Alƙalami ya rubuta:

Malam Baban Ummi ya gama da doka. Ni zan taɓa ɓangaren Amurka da abin da ake koyarwa, domin akwai abin ɗauka a ciki ko da tsarinmu daban ne.

Dalilin da ya sa suke duba sa hannu shi ne ƙuri'ar gidan waya. A jihohi irin su Oregon da Kolorado da Washington ana aika wa mai rajista takardar ƙuri'a gida, ya cike, ya sa a ambulan, ya sa hannu a bayanta. Babu wanda ya ga fuskarsa, saboda haka sa hannun ne kaɗai shaida, kuma suna da samfurinsa a kwamfuta tun daga rajista ko lasin tuƙi. A Birtaniya mai zaɓe ta gidan waya yana ba da sa hannu da ranar haihuwa, a gwada su da na fayil. Mu ba mu da ƙuri'ar gidan waya, ba mu da rumbun samfuri, to tushen ma babu.

Yadda suke koyarwa: a fara da kallon gaba ɗaya kafin a shiga ƙananan abubuwa. Rubutun a haɗe yake ko harafi-harafi? Da sauri aka yi shi ko a hankali? Ya karkata dama, hagu, ko a tsaye yake? Girman manyan haruffa a kan ƙanana, tazarar da ke tsakanin suna da suna, da yadda ya zauna a kan layi. Idan waɗannan sun dace, a wuce, ba a neman laifi da gangan. Sai an ga saɓani a nan ake saukowa: ina biro ya fara, ina ya ƙare, ina aka ɗaga shi, yaya zagayen haruffa da gicciyensu suke. A Kolorado jami'i ɗaya ba ya iya watsar da ambulan shi kaɗai, sai mutum biyu daga jam'iyyu daban sun duba sun yarda. Bayan haka ma ana sanar da mai ƙuri'ar, yana da kwana takwas bayan zaɓe ya tabbatar cewa nasa ne. Wannan matakin na ƙarshe shi ne ya fi komai muhimmanci, domin su kansu sun san ido yana kuskure.

Abu na farko da sabon mai koyo ke kasa yarda da shi: ba wanda ke sa hannu iri ɗaya sak sau biyu. Idan ka ɗora biyu a kan juna ka ɗaga wa haske suka hau daidai ba ko ɗigon bambanci, to ɗaya kwafi ne, an bi sawun ɗayan. Bambanci kaɗan alamar gaskiya ce. Sa hannun mutum yana canzawa da shekaru, da ciwo irin su shanyewar ɓarin jiki ko rawar hannu, da raunin ido, da irin biron, da inda aka ɗora takardar. Wanda aka tare a bakin kasuwar Sabon Gari ya sa hannu a tsaye, takarda a kan sirdin babur, ba zai yi irin wanda yake yi a teburin banki ba.

Na jabu kuma, abin da ke tona shi saurin hannu ne, ba siffa ba. Mai kwaikwayo zane yake yi, idonsa na kan samfuri. Layinsa yana fita da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, da 'yar rawa a wurin lanƙwasa, farkonsa da ƙarshensa a dakushe domin biron ya tsaya cak kafin a ɗaga. Za ka ga an ɗaga biro a tsakiyar harafi inda ba dalili, ko an koma an gyara wani wuri a hankali. Mai sa hannunsa na gaske bai damu ba, yana fizga ne, wutsiyar layin tana sirancewa har ta ɓace. Gilashin ƙara girma mai ninki goma da fitilar hannu da aka haska daga gefe sun isa a ga wannan, har da zurfin da biro ya yi a takarda. A kan hoto ko fotokwafi kuwa rabin waɗannan alamun sun tafi, don haka a nemi takardar asali.

Amma a gaskiya, a takardar koke mai sunaye dubu ɗari ba mai ɓata lokaci yana kwaikwayon hannun kowa. Maguɗin da ake yi na gaggawa ne: a samu kwafin rajista, a zaunar da mutum biyar a ɗaki su yi ta cikewa. Wannan shafi ake dubawa, ba layi ba. Biro ɗaya daga sama har ƙasa. Karkata iri ɗaya. Lamba 7 ko 4 da ake rubutawa da salo guda a layi talatin. Sunaye sun jeru daidai yadda suke a rajista, alhali mutanen da aka bi gida-gida ba za su zo a jere haka ba. Wani lokaci masu cikewar suna musayar takarda don hannu ya bambanta, sai ka ga hannu na ɗaya ya dawo a layi na shida, na sha ɗaya, na sha shida. Shafin gaske yana da datti: tawada kala-kala, wani ya haura layi, wani ya karkace, gefen takardar ya sha hannu.

Ajami da Larabci ba su da wata matsala ta daban, illa mai dubawa ya san daga dama ake farawa, don haka wutsiyar da ke sirancewa tana hagu. Kada ya ɗauki rashin ɗigo a matsayin saɓani, masu saurin hannu da yawa ba sa sa ɗigo a sa hannu. Wanda ya saba da alƙalami da tawadar allo kuma yakan danna biro daban da ɗan boko. A kowane rukunin masu dubawa a Zariya ya kamata a samu aƙalla mutum ɗaya da ke karanta ajami.

Dangwale shi ne inda nake jan kunne. Zanen yatsa manyan iri uku ne: mai lanƙwasa ya dawo, mai zagaye, da mai ɗan tudu. Mai lanƙwasar shi kaɗai ya kai kusan kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na yatsun mutane. Saboda haka ganin dangwale goma masu kama a shafi ɗaya ba hujja ba ce cewa yatsa ɗaya ne. Abin da ido zai iya kamawa shi ne tabo: idan tsagar yanka ɗaya ta fito a wuri ɗaya a layi takwas, wannan a ware shi. Sauran aikin ƙwararru ne.

Darasin da ya fi kama jiki a aji: kowa ya sa hannunsa sau goma, biyar a zaune, uku a tsaye, biyu da biro mai gardama. Maƙwabcinsa ya kalli ɗaya ya kwaikwaya sau uku. A gauraya, a ba wani rukuni su rarrabe. A allo a rubuta kuskure iri biyu daban: na gaske nawa aka ƙi, na jabu nawa aka karɓa. Sabon mai koyo ya fi faɗawa na farkon, domin yana jin an turo shi kama ɓarawo ne.

Maman Walida ta rubuta:

Malam Mai Alƙalami, bayaninka ya yi, amma ina da ja a wuri ɗaya. Kada wannan darasin ya shiga ajin ma'aikatan wucin gadi. Mai bautar ƙasa ko ɗalibin jami'a da aka ba horon kwana biyu ko uku, idan ka nuna masa rawar layi da ɗaga biro, ranar aiki zai kalli dattijon da hannunsa ke karkarwa ya ce masa sa hannunka bai yi ba. Ya tayar da rigima a rumfa, kuma doka ba ta ba shi wannan hurumin ba. Darasinka na ma'aikatan ofis ne da lauyoyi, su ma don su ware shafi su rubuta rahoto, ba don su soke suna ba.

Ɗan Kwarbai ƙanena, ga abin da ake koya wa na rumfa. Mutum huɗu ne: shugaban rumfa da mataimaka uku. Mai kula da layi ya tabbatar mutum rumfarsa ce, a ranar tantance koke kuma ya duba ko sunansa na cikin jerin masu sa hannu na wannan rumfar. Mai riƙe da BVAS ya kira bayanan mutum ta ɗaya daga hanya uku: ya haska lambar da ke jikin kati, ko ya shigar da lambobi shida na ƙarshe na lambar katin, ko ya nema da sunan mahaifi. Sai yatsa, in ya ƙi sai fuska. Ɗaya ya wadatar. Mai riƙe da rajista ya yi alama a gaban suna ya shafa tawada a gindin farce. Idan yatsa da fuska duk suka ƙi, ba a tantance mutum ba, a yi alamar hakan a rajista, a ba shi haƙuri. Fom ɗin uzuri da ake cikewa a zamanin na'urar karanta kati an daina shi, kuma har yanzu akwai masu zuwa suna neman a yi musu shi.

Inda ake samun cikas sanannu ne, kuma kusan duk a yatsa suke. Babban zaɓen 2023 an yi shi ne 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris, fata a bushe bayan hunturu. Busasshen yatsa ba ya kama gilashi. Maganinsa mutum ya huro wa yatsan iska daga baki ko ya goga shi a goshi ya ɗebo ɗan maiƙo, ba a tsoma shi a ruwa ba, domin jiƙaƙƙen yatsa ma ba ya karantuwa. Wadda ta shafa man shafawa da yawa ta goge da ƙyalle. Manoman Wuciciri da Dutsen Abba da Dambo, da magina da makanikai da masu wanki, kanta da kaushi sun cinye zanen babban yatsa da manuni. A rajista yatsu goma aka ɗauka, to a gwada na tsakiya ko na zobe, su ne suka fi tsira. Lalle mai kauri, musamman baƙi, yana hana karatu, shi ya sa ake roƙon mata su ɗaga ƙunshi sai bayan zaɓe. A ɗora tsokar yatsa a kwance, ba kan farce ba, kuma ba a dannawa da ƙarfi, zanen yana bajewa. A goge gilashin bayan kowane mutum kaɗan, ƙurar Zariya ba ta da wasa.

Fuska kuma haske ne. Kada rana ta kasance a bayan mutum, fuskar za ta fito baƙi ƙirin. A juya shi ya fuskanci haske, a cikin inuwa, na'urar daidai tsayin idonsa. A cire tabarau, a ɗan tura hula baya. Hijabi ba ya hana komai muddin goshi da haɓa a buɗe suke. Mai niƙabi a tanadi gefe guda da jami'a mace, kuma tun daren da ake kwana a cibiyar rarraba kaya ya kamata a san wace ce za ta yi wannan, ba sai layi ya tsaya ana kallon-kallo ba.

Idan na'urar ce ta mutu gaba ɗaya, a dakatar da aiki, a sanar da jama'a da wakilai, a kira mai kula da rumfunan mazaɓar da ma'aikacin fasaha a kawo wata. Ba a komawa tantancewa da ido ko da mai unguwa ya rantse ya san kowa. A zaɓe, ƙuri'a ta fi adadin da na'ura ta tantance ko da ɗaya ne, aringizo kenan, sakamakon rumfar ya tafi.

Raunin horon ba a darasi yake ba, a yawan hannu ne. Horo ne mai gangarowa: a koyar da manyan masu horarwa, su koyar da masu kula da rumfuna, su kuma su koyar da na ƙasa, kuma a kowane hawa wani abu yana zubewa. Aji ya cika maƙil, na'ura ɗaya ko biyu, wasu har a tashi ba su taɓa ta ba. Ƙaramar hukumar Zariya gundumomi 13 ce, Sabon Gari 11, mutanen da za a horar suna da yawa. Abin da ya dace, rukunin mutum biyar zuwa shida a kan na'ura ɗaya, kowa ya tantance aƙalla mutum goma da hannunsa, uku daga ciki a ɓata musu yatsa da gangan da alli ko man shafawa. A yi gwajin a tsakar rana a fili, ba a cikin aji mai fanka ba. Wanda bai halarci horo ba kuma kada a musanya sunansa da na wanda ya halarta a daren zaɓe, wannan ya fi kowace matsalar na'ura ɓarna.

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Na gode Hajiya, na gode malamai. Ashe kenan sa hannun mai zaɓe ba shi da wani nauyi a rumfa. To akwai inda sa hannu ke iya ɓata sakamako kuwa?

Ɗan Kongo ya rubuta:

Akwai, Malam, amma na jami'in ne da kansa, kuma shi ne ake kaiwa gaban kotun sauraron ƙararrakin zaɓe.

Wuri na farko bayan takardar ƙuri'a. Shugaban rumfa yana buga hatimi, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata kafin ya miƙa. A dokar zaɓe ta 2022, sashe na 63 ya ce takardar da ba ta da alamar hukuma ba a ƙirga ta, sai idan baturen zaɓe ya gamsu daga littafin ƙuri'un rumfar ta fito. Ka yi lissafi: ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku ake ba kowa, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Mutum 400 suka fito, sa hannu 1,200 kenan. Hannu yana gajiya, daga nan kuskure biyu ke fitowa. Ko dai ya zauna da safe ya sa wa littafi guda hannu gaba ɗaya don ya huta, wanda idan aka fizge littafin an samu ƙuri'u halattattu a hannun ɓata-gari. Ko ya miƙa wa mataimaki ya riƙa sa masa, sai a wayi gari hannu biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, lauyan wanda ya faɗi kuma abin da yake nema kenan. A horo a ce wa kowane shugaban rumfa ya zaɓi gajeren sa hannu da zai iya maimaitawa sau dubu, ya yi shi a takardar karɓar kaya, kada ya canza har a gama.

Na biyu takardar sakamako, EC8A. Sashe na 60 na dokar ya ce shugaban rumfa ya sa hannu ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu da ke wurin su ma su sa. Jerin aikin yana da muhimmanci: a ƙirga a bainar jama'a, a fara lissafin a wata takarda daban, a tabbatar ƙuri'u masu kyau da waɗanda suka lalace sun haɗu sun ba da adadin da aka kaɗa, kuma bai wuce na BVAS ba. Sannan a cike fom da lamba da kuma kalmomi, a danna biro sosai don kwafen ƙasa su fito. A sa hannu, a buga hatimi, wakilai su sa nasu, sai a ɗauki hoto da BVAS a tura IReV, shafin intanet na INEC da ake ganin sakamako. Masu gaggawa suna ɗaukar hoton kafin sa hannu, sai na intanet ya fita ba hatimi, na hannun wakili da hatimi, takarda ɗaya ta zama biyu. Bayan nan a ba wakilai da 'yan sanda kwafinsu, a manna EC60E, takardar sanar da sakamakon rumfa, a bango don jama'a.

Idan an yi kuskuren lamba, ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwan nan na goge rubutu, ba a mayar da 1 ta zama 7. A ja layi ɗaya yadda tsohuwar lambar za ta karantu, a rubuta sabuwa a gefe, a sa hannu kusa da ita a gaban wakilai.

Wakili ya ƙi sa hannu? Wannan ba ya soke sakamako. Kada a roƙe shi, kada a tsare shi, kuma kada wani ya cike masa gurbin. Gurbi fayau ba laifi ba ne, amma sa hannun wakilin da zai zo kotu ya rantse bai sa ba babbar matsala ce. A nan ne ilimin Malam Mai Alƙalami ke aiki, domin idan aka jera EC8A na rumfuna ashirin masu nisa da juna aka ga hannu ɗaya ya sa wa wakilai duka, ba a buƙatar gilashi. Jami'in tattara sakamako na gunduma, wanda galibi malamin jami'a ne, shi ya kamata a koya wa wannan kallon: kafin ya kwafe lamba zuwa EC8B, fom ɗin tattara sakamakon rumfuna, ya duba hatimi, ya duba sunan shugaban rumfa da sa hannunsa, ya gwada adadin da abin da ke cikin BVAS, ya kuma duba lambar jikin fom ɗin ko ita ce aka rubuta lokacin rarraba kaya. Sashe na 73 na dokar 2022 ya wajabta rubuta waɗannan lambobin tun kafin a fara zaɓe, kuma zaɓen da aka yi a rumfa ba tare da an rubuta su ba bai inganta ba.